Da Beatles ba su watse ba, ina za su kai?

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan rubutun nan da ya fito a shafinku na nishaɗi game da mawaƙan Ingilan nan, The Beatles, inda marubucin ya ce wai matar John Lennon ce, Yoko Ono, ta raba su, kuma wai da ba ta shigo tsakaninsu ba da sun daɗe tare kamar yadda sa'o'insu 'yan ƙungiyar Rolling Stones suka daɗe. Na karanta sau biyu na ajiye, amma abun ya ƙi barin raina, saboda gaskiya an bar jaki ana dukan taiki, kuma tambayar da ya taɓo ya wuce, wato da ba su watse ba ina za su kai, tambaya ce da na fi shekara arba'in ina juya ta a raina.

Ni dai a ɗakin yayana na san waɗannan mutane, Allah ya jiƙansa. Yana aiki a masaƙa a Kakuri nan Kaduna, albashinsa na farko mai kauri garmaho ya saya da shi, irin mai murfin roba ɗin nan, ya ɗora shi kan kabad ya shimfiɗa masa ƙyalle. A cikin faya-fayansa akwai na Shata akwai na Indiya akwai na Jim Reeves, sannan akwai wani mai shuɗin bango mai faifai biyu a ciki, da hoton wasu turawa huɗu masu gashi har kafaɗa suna leƙowa daga saman bene. Abun da ya fara kama idona ma takardar tsakiyar faifan ce, gefe ɗaya koriyar tuffa ce cikakkiya, in ka juya ɗaya gefen sai ka ga an raba tuffar biyu har ana ganin cikinta, ni kuwa a lokacin ban taɓa riƙe tuffa a hannuna ba, sai in durƙusa in yi ta kallonta tana juyawa ƙarƙashin allura. Ba na jin turancin sosai amma muryoyin nan uku in suka haɗu wuri ɗaya sai in ji tsigar jikina ta tashi. Wata rana na tambaye shi yaushe za su yi sabo, sai ya ce min ai sun rabu tun kafin ya sayi faifan, har kotu suka je. Wallahi ranar na ji kamar an ce min wasu 'yan uwanmu ne suka raba gida.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne ranar da labarin rabuwarsu ya fito, 10 ga Afrilu 1970, babu ko ɗaya a cikinsu da ya kai shekara 30. John da Ringo Starr suna 29, Paul McCartney da George Harrison suna 27. Amma ka duba abun da suka riga suka sha. John da Paul sun haɗu tun 1957 a Liverpool suna 'yan 16 da 15, George ya biyo su bayan shekara, sukai zaman Hamburg a Jamus suna kiɗa awa da awanni kowane dare a gidajen rawa, har aka koro George gida a 1960 saboda shekarunsa 17 bai isa aikin dare ba. Ringo ya shigo 1962. Daga 1963 zuwa 1970 sun fitar da albam sha biyu ko sha uku, ya danganta da yadda ka ƙirga, banda ƙananan faifai, banda fina-finai, banda yawon duniya. A 1965 a filin wasa na Shea a New York mutum wajen dubu 55 suka taru, ihun 'yan mata ya danne kiɗan gaba ɗaya, su kansu ba sa jin abun da suke bugawa. A 1966 suka sha da ƙyar a Manila ta ƙasar Filifin saboda an ce sun ƙi amsa gayyatar matar shugaban ƙasa Imelda Marcos, a Amurka kuma ana ƙona faya-fayansu kan wata magana da John ya yi da ta taɓa addini. 29 ga Agusta 1966 a San Francisco sukai wasansu na ƙarshe da aka sayi tikiti, suka ce sun gaji. Toh kaga tun kafin ma John ya haɗu da Yoko a watan Nuwamba na shekarar, igiya ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗaure su ta riga ta tsinke.

Igiya ta biyu kuma wadda ni nake ganin ita ce babba, ta tsinke ne 27 ga Agusta 1967 ranar da manajansu Brian Epstein ya mutu yana da shekara 32. Shi ne mai riƙe musu lissafi, shi ne wanda in ya ce gobe ƙarfe kaza a wuri kaza kowa zai zo ba musu. Da ya mutu sai Paul ya ɗauki ragamar ba tare da kowa ya naɗa shi ba, kuma ba don mugunta ba, shi mutum ne mai son aiki, in an bar shi kullum sai ya kira su situdiyo, amma ka san yadda abokin da kuka taso tare kuka ci kwano ɗaya yake ji in ka fara ba shi umarni. Suka buɗe kamfaninsu Apple a 1968 suna ta rabon kuɗi ga duk wanda ya zo da wani mafarki, kantin tufafin da suka buɗe ko shekara bai yi ba suka rufe suka rabar da kayan kyauta, kuɗi na zuba kamar an huda tulu. Sai aka ce dole a nemo wanda zai gyara. John da George da Ringo suka tsaya kan wani Ba'amurke Allen Klein, wanda zai riƙa ɗaukar kashi 20 cikin 100, Paul ya ce atafau bai yarda da shi ba, shi surukinsa Lee Eastman yake so, uban matarsa Linda. Su ukun suka ce ina, ai in surukinka ya riƙe mana dukiya kai zai fifita, kuma su ma suna da gaskiyarsu. Ana wannan rigimar ne a 1969 aka sayar da kamfanin Northern Songs mai riƙe da haƙƙin yawancin waƙoƙin John da Paul ga kamfanin ATV suna ji suna gani, abun da daga baya Michael Jackson ya saye a 1985 kan dala miliyan 47 da rabi. Sannan yarjejeniyar haɗin gwiwa da suka sa wa hannu a 1967 ta ɗaure su shekara goma, ko waƙar kanka ka yi kuɗin tukunya ɗaya zai shiga, tukunyar kuma tana hannun Klein. Shi ya sa Paul ya kai ƙarar abokansa uku kotu a Landan ranar 31 ga Disamba 1970, don ba shi da wata hanyar fita. Duniya ta zage shi a lokacin, amma a 1973 su ukun da kansu suka rabu da Klein aka shiga ƙararraki, John ya fito ya ce da alama zargin Paul yana kan hanya, daga baya ma Klein ɗin ya yi wata biyu a gidan yari kan maganar haraji.

Ban ce Yoko ba ta takura musu ba. Ta takura. Al'adarsu ce mata ba sa zama a wurin naɗar waƙa, sai ga ta kullum tana manne da John, har gado aka taɓa shigo mata da shi situdiyo lokacin da suke aikin albam ɗin Abbey Road bayan ita da John sun yi hatsarin mota. Amma duk wanda ya zauna ya kalli dogon fim ɗin nan Get Back da Peter Jackson ya fitar a 2021 daga hotunan watan Janairu 1969, wajen awa takwas, zai gan ta a gefe tana karanta jarida tana ɗinki tana buɗe wasiƙu, zai kuma ji Paul da bakinsa yana cewa nan da shekara hamsin abun dariya zai zama a ce Beatles sun watse don Yoko ta zauna kan lasifika. A 2012 ma ya sake faɗa a wata hira cewa ba ita ta raba su ba. John ne ya gaji, yana neman ƙofa, ga shi a lokacin ya faɗa shan heroin, ita kuma ta nuna masa akwai wata rayuwa a waje. In za a yi adalci laifin tafiyar John na John ne.

Wanda aka fi mantawa da shi a labarin nan George ne, kuma a ganina duk wanda zai yi hasashen makomar Beatles dole ta kansa zai fara. Mu a waƙarmu ta gargajiya tsarin a fili yake, akwai uban waƙa akwai 'yan amshi akwai makaɗa, Shata na gaba kowa ya san matsayinsa, ɗan amshin da ya ji ya isa sai ya nemi izini ya kafa tasa ƙungiyar. Su kuwa Beatles sun fara da uban waƙa biyu, suka wayi gari da uku, amma rabon fili bai canza ba. George waƙa biyu ake ba shi a yawancin albam, wani lokacin ɗaya, sai an gama da na manya sannan a waiwaye shi a gurguje. Akwai wurin da kamara ta ɗauke shi Paul na ta gyara masa yadda zai buga jita, sai ya ce masa a sanyaye zai buga duk abun da Paul ɗin yake so, in ma ba ya so ya buga sam to ba zai buga ba. Kana kallon fuskarsa ka san maganar ta daɗe tana cin sa. Ranar 10 ga Janairu 1969 ya tashi ana shirin cin abincin rana ya ce ya bar ƙungiyar, ya kama hanyar gida, sai da aka bi shi aka ba shi baki ya kafa sharuɗɗa sannan ya dawo. Ringo ma ya taɓa yin yajin a Agusta 1968, ya dawo ya tarar an lulluɓe masa gangunansa da furanni. A cikin fim ɗin akwai inda George ke faɗa wa John cewa waƙoƙin da ya tara sun kai su cike kasonsa na shekara goma, gara ya yi albam nasa shi kaɗai ya sauke su, sannan a ci gaba da Beatles. Ka ji mutumin da ke neman hanyar zama tare. Kuma a shekarar nan ya kawo Something da Here Comes the Sun, waɗanda mutane da yawa, har da ni, suke ganin su ne suka fi komai a Abbey Road.

Akwai wani kaset da masanin tarihinsu Mark Lewisohn ya bayyana a 2019 wanda ya canza min tunani sosai. Ranar 8 ga Satumba 1969 John da Paul da George suka zauna a ofishin Apple, Ringo na asibiti, sai John ya kunna rikoda don Ringo ya ji abun da aka tattauna. Maganar sabon albam suke yi bayan Abbey Road. John da kansa ya kawo shawara a raba daidai, shi huɗu Paul huɗu George huɗu, Ringo biyu in yana so, kuma a daina rubuta sunan Lennon da McCartney tare a kan waƙar da mutum ɗaya ya rubuta, kowa ya ɗauki abunsa. A nan ne Paul ya ce shi a ganinsa kafin wannan albam ɗin waƙoƙin George ba su kai ba, George ya mayar masa cewa wannan ra'ayi ne, mutane sun daɗe suna son waƙoƙinsa. Kwana biyar bayan nan John ya je Toronto ya hau dandamali da mai jita Eric Clapton da Yoko ya ɗanɗana yin wasa ba tare da su Paul ba, ranar 20 ga watan ya ce musu saki yake so, wato zai bar ƙungiyar, Klein ya roƙe shi ya yi shiru saboda sabon kwantiragin da ake sa wa hannu. Tsakanin shawarar sabon albam da maganar saki kwana 12 ne kacal. Wannan ya nuna min ƙofar ba ta rufe ruf ba, mutum ne mai canza ra'ayi yau da gobe, da an samu babba guda da duka huɗun suke jin nauyinsa ya ce kowa ya tafi ya huta shekara ɗaya ya yi nasa a dawo, da wataƙila an dawo. A maimakon haka sai aka ba furodusa Phil Spector faifan Let It Be ya zuba goge da mawaƙan amshi a kan waƙar Paul ba da saninsa ba, aka kuma aiki Ringo gidan Paul da takarda wai ya ɗage fitar da albam ɗinsa, Paul ya fusata ya kore shi daga gidan. Ringo fa, wanda kowa ke so.

Toh mu ɗauka an bi shawarar 8 ga Satumba. Albam ɗin da za su fitar a ƙarshen 1970 ko 1971 ba sai mun ƙirƙira ba, waƙoƙin suna nan mun ji su a warwatse, da yawansu ma an gwada su tun suna tare. John yana da Jealous Guy wadda ya fara da wani suna tun zamansu na Indiya a 1968, yana da Gimme Some Truth wadda ake ganinsa shi da Paul suna taɓa ta a Janairu 1969, ga Instant Karma ga Imagine. Paul yana da Maybe I'm Amazed da Another Day da Every Night. George kuwa sai dai ya zaɓa ya bar saura, All Things Must Pass da suka gwada suka ajiye, Isn't It a Pity da ya rubuta tun 1966 ba a ɗauka ba, What Is Life. Ringo yana da It Don't Come Easy da George ya taya shi. Ni na taɓa jera su a kaset ɗaya na saurara a mota daga Kaduna har Zariya, kuma na tabbata da wannan albam ya fito da sunan Beatles, furodusansu George Martin na kan na'ura, Paul na buga jitar bes a ƙarƙashin waƙoƙin John yana ɗora masa murya ta sama, da ya shiga sahun Revolver da Abbey Road. Abun da ya fi ba ni takaici a waƙoƙinsu na ɗaiɗai shi ne rashin mai ce musu a'a. Paul in ba John sai zaƙin ya yi yawa, wani baitin ka ji an bar shi ba a gama ba saboda ba wanda zai harare shi. John in ba Paul sai ya koma wa'azin siyasa, kamar albam ɗinsa na 1972 da ko masoyansa ba su cika komawa kansa ba. George bayan ya sauke kayan da ya tara sai ƙarfin ya ragu. Junansu ne matatar junansu, kuma ba wanda ya sake samun irinta.

Sai dai akwai abubuwan da da suna tare ba za mu taɓa samu ba, dole in faɗi wannan ko da raina bai so. Albam ɗin George na Nuwamba 1970 faifai uku ne a kwali ɗaya, ya hau lamba ɗaya a Ingila da Amurka, kason waƙa huɗu ba zai ɗauke shi ba. Taron da ya haɗa da makaɗin Indiya Ravi Shankar ranar 1 ga Agusta 1971 a Madison Square Garden a New York don 'yan gudun hijirar Bangladesh, wanda ya buɗe hanyar irin waɗannan tarukan agaji na mawaƙa, da sai ya jira amincewar mutum uku da lauyoyinsu. Waƙar da John ya yi wa mahaifiyarsa Julia da mota ta kaɗe ta mutu a 1958, inda yake ƙwala ihu a ƙarshe kamar yaron da aka bari a tasha, ba waƙar da za a sa tsakanin waƙoƙin soyayyar Paul ba ce. Sannan ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A 1973 Paul ya duba jerin situdiyon kamfanin EMI na duniya ya ga akwai ɗaya a Legas, ya ce can zai je da sabuwar ƙungiyarsa Wings. Ana gab da tafiya mai ganga da mai jita suka ajiye aiki, ya taho shi da Linda da Denny Laine su uku, lokacin mulkin Gowon, ga damina ba ta gama ba, situdiyon na Apapa kuma ƙarami ne kayansa ba su kai na Landan ba. Wani dare 'yan fashi suka tare shi da matarsa da wuƙa suka ƙwace har kaset ɗin da ya naɗi gwajin waƙoƙin, wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe ya faɗi aka kwashe shi asibiti. Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da Paul ya kira shi ya kunna masa abun da suka naɗa ya ji babu kiɗansu a ciki. Shi Paul ɗin ya sha faɗa cewa da ya je gidan rawar Fela ya ji ƙungiyarsa na kiɗa hawaye ya yi. Da kansa ya buga ganga a wannan aiki, aka samu albam ɗin Band on the Run, wanda har yau ake cewa shi ne mafi kyawun abun da ya yi bayan Beatles. Da suna tare ban ga yadda za a shawo kan John da George su zo Apapa su yi makonni ba.

Maganar su zama kamar Rolling Stones kuwa, nan ne na fi saɓawa da marubucinku. Abun da ya riƙe Stones shi ne dandamali, su mutanen yawon wasa ne, kuma masu rubuta waƙa biyu ne rak, Mick Jagger da Keith Richards, sauran sun yarda da matsayinsu, shi ya sa ko bayan rasuwar mai gangarsu Charlie Watts a 2021 suka fitar da sabon albam a 2023. A Beatles Paul kaɗai ke ƙaunar yawo. George ya yi zagayen Amurka sau ɗaya a 1974 muryarsa ta dishe aka yi ta sukarsa, bai sake irin sa ba sai ɗan gajeren da ya yi a Japan a 1991. John bai taɓa yin zagaye shi kaɗai ba, ya koma New York a 1971 bai sake taka Ingila ba, gwamnatin Nixon ta yi ta neman korarsa har ya kasa fita Amurka don tsoron kar a hana shi dawowa, sai 1976 ya samu takardar zama, da aka haifi ɗansa Sean a 1975 kuma ya ajiye jita shekara biyar yana rainon yaro. Don haka ni hasashena shi ne da ba su watse ba, za su zama mutum huɗu ne masu harkar kansu da suke haɗuwa duk bayan shekara biyu ko uku su yi albam ɗaya su watse. Na farko zai yi ƙarfi ƙwarai, na biyu wajen 1973 ma haka, don a shekarar duka huɗun suna kan ganiyarsu, har albam ɗin Ringo na shekarar kowannensu ya sa hannu a ciki, a waƙa ɗaya ma John da George da Ringo suna ɗaki ɗaya. Daga 1976 zuwa sama da kiɗan disko da na fank suka cika kasuwa, yaran Landan masu kiɗan punk suna zagin duk wani tsohon tauraro, ina jin za su fitar da abu ɗaya ko biyu da za a ce ba su kai na da ba, kamar yadda ya faru da kusan duk sa'o'insu. Ni kam da na karɓi wannan da hannu biyu. Albam biyu masu kyau da biyu matsakaita sun fi min shekarun da suka ɓata a kotu, da waƙar habaici da John ya yi wa Paul a 1971 George na buga masa jita, abun da har yau ba na iya saurara har ƙarshe.

Wasu na cewa da suna tare da John bai zauna New York ba, da ba a harbe shi a ƙofar gidansa ranar 8 ga Disamba 1980 ba. Ni ba na bin wannan hanyar, in kwana ya ƙare ya ƙare, kuma George da ke zaune a Ingila cikin katafaren gida mai katanga wani ya haura masa cikin dare a Disamba 1999 ya daɓa masa wuƙa, matarsa Olivia ce ta cece shi, ciwon daji ya zo ya ɗauke shi a Nuwamba 2001 yana 58. Abun da na sani shi ne kafin rasuwar John sun shirya shi da Paul, sun yi kiɗa tare sau ɗaya a Los Angeles a 1974, Paul na zuwa gidansa suna waya. Ina tuna safiyar da labarin ya iso mu, yayana na shirin fita aiki rediyo na kunne a BBC, ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shikenan yanzun kam ba za su dawo ba. Ashe duk shekarun nan goma yana jira.

Da sauran ukun suka haɗu a 1994 da 1995 suka ɗora kiɗa kan tsoffin kaset ɗin John, Yoko ce ta miƙa wa Paul kaset ɗin da hannunta, wannan ma ya kamata marubucinku ya sani. Waƙa ta uku da suka fara suka ajiye saboda ƙarar da ke cikin kaset ɗin, sai a Nuwamba 2023 fasahar kwamfuta ta iya tsamo muryar John daga cikin sautin piyano, Paul da Ringo suka ƙarasa ta da jitar da George ya buga tun 1995, aka kira ta Now and Then, har ta ci kyautar Grammy a 2025. Jikana ne ya kunna min ita a waya. Da Paul ya ɗora muryarsa ta tsufa a kan muryar John da aka naɗa yana ɗan shekara talatin da wani abu, sai na ce ya mayar min farko, ya mayar har sau uku. Shuɗin faifan nan yana nan a wurina cikin akwati, allurar garmahon ce ta karye tun tuni ban samu wata ba.

Ina roƙon ka Edita ka buga wannan ko da za a rage tsawonsa, kuma marubucin ya yi haƙuri in na yi zafi a wani wuri. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.